Yadi Shida na Malama Hannatu

Shekara goma sha tara ke nan katanga ɗaya ce tsakanina da Malama Hannatu a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ban taɓa jin haushinta irin na bara ba. Ni Salamatu ba a san ni da barin magana a ciki ba, don haka zan faɗi yadda aka yi. In ta karanta ranta ya ɓaci, ta san ƙofar gidana.

'Yar kudancin Kaduna ce, daga wani ƙauye kusa da Kagoro, amma tun tana budurwa Kano ta riƙe ta. Nan ta yi aure, nan mijinta ya rasu, nan ta koyar shekara talatin da biyar, goma sha biyun ƙarshe tana shugabar wata firamare a Tarauni. Duk wanda ya bi ta hannunta ya san ta da jan biro. Ko katin biki ka kai mata sai ta gyara gilashi ta nemo inda mai bugawa ya yi kuskure. Mutumiyar kirki ce, ni shaida ce, don na ci shinkafar Kirsimetinta ita ma ta ci naman layyata har ba ma lissafi. Amma a yi mata gyara, wannan kam ba a haifi mai yi ba tukuna.

Ɗanta ɗaya ne, Caleb, dogon da sai ya sunkuya yake shiga falonta. Shekara huɗu da suka wuce ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya, ya bar matarsa Janet da ƙaramar 'yarsu Joy. Bayan wata shida Janet ta sami aikin jinya a Jos, ta ɗauki yarinyar ta koma kusa da iyayenta. Malama ba ta hana ba, sai dai ranar tafiyar ta faɗi maganganun da da ta haɗiye su da ya fi. Tun daga nan babu mai kiran wata. Sai Kirsimeti kawai Janet ke kawo yarinyar, su kwana uku su koma. Kwana ukun nan su ne rabon Malama da jikarta a shekara.

Da ta yi ritaya, malaman makarantarta suka haɗa hannu suka saya mata keken ɗinki, baƙi, na takawa da ƙafa. Ban san wanda ya kawo shawarar ba, amma bai san ta ba. Matar da ko maɓalli ne ya cire sai ta kai wa tela! Ta lulluɓe keken da wani tsohon leshi, ta ajiye shi a kusurwar falo, ya zama wurin ɗora makulli.

Kirsimetin bara waccan na shiga mayar musu da kwano, na tarar da Joy, lokacin tana shekara shida, ta ɗage leshin tana juya keken da hannu.

"Kaka, kin iya?" in ji ta.

"Me zai hana?" in ji Malama, ko ido ba ta ƙifta ba.

"To ki ɗinka min rigar Kirsimeti mai zuwa."

"An gama."

A take ta zaro tef daga aljihun keken, ta tsayar da yarinyar, ta auna kafaɗa da ƙirji da tsawo, ta rubuta a wani littafin darasi da ya rage mata. Janet na zaune tana kallo. Da suka tafi na ce, "Malama, ƙarya fa fure take, ba ta 'ya'ya."

"Wace ƙarya, Salamatu? Wata goma sha biyu gare ni. Wanda ya koyar da lissafi shekara talatin da biyar ne ɗinki zai gagara?"

Watan farko ita kaɗai ta yi shi da wayarta, tana kallon masu koyarwa. Ta katanga nake jin yadda ake ciki. Keken zai yi tafiya kaɗan, ya tsaya, sai in ji tsaki. Ya sake tafiya, ya tsaya, sai in ji an ture kujera. Ranar da na leƙa na tarar zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ƙyalle kamar taliyar da ta kwana, allura uku a karye a kan tebur, ita kuma tana duba takardar da ta zo da keken tana cewa wanda ya rubuta ta bai iya bayani ba. Na ce ta sa mayafi. Muka hau adaidaita zuwa Tarauni, shagon Uwani mai ɗinka min kaya.

Abin da ban sani ba, ashe Uwani ɗalibarta ce. Tana ganin ta ta saki almakashi ta zube ƙasa tana gaisuwa. Malama ta dube ta ta saman gilashi ta ce, "Uwani Zakariyya, aji huɗu, sau biyu." Na ji kamar in nutse. Uwani kuwa dariya ta yi, ta ce, "Ni ce, Malama. Har yanzu ban iya raba dogon lissafi ba." Mace ce mai 'ya'ya biyar da kekuna huɗu a shago, ana layin ɗinkinta tun daga Unguwa Uku, amma ta share kujera da gefen mayafinta ta ba Malama.

Darasin farko takarda ta ba ta mai layi-layi, ta cire zaren keken, ta ce ta bi layin da allura kawai. Malama ta ce ita ba 'yar nazare ba ce. Ta hau. Takawa uku, keken ya juya baya.

"Keken nan naki yana da matsala."

"Malama, ƙafarki ce. Ki fara tura shi da hannu ta wajenki, sai ƙafa ta karɓa."

"Haka na yi."

"To, Malama, a sake."

Sati uku ana a sake. Uwani ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ni ce nake ɗagawa a madadinta in mun hau adaidaita za mu koma. Mace ta shekara sittin da biyu tana gardama da wadda ta fi shekara ashirin a kan keke! In an ce ta sassauta hannu, allura da kanta take jan ƙyalle, sai ta ce ita ba ta yarda da aikin da ba ta riƙe ba. In an ce ta ƙyale ɗan karkacewa, ba mai gani, sai ta ce ita ta gani. Amma kada in zalunce ta, ba ta taɓa fashi ba. Litinin da Laraba ƙarfe tara tana bakin shagon, wani lokaci ta riga mai makulli.

Uwani ta ce wa Malama ta yi ta koyo a kan tsofaffin zanin gado har Allah ya sa hannu ya faɗa. Ta yi wata biyu a haka, ta ɗinka rigunan filo guda shida da wani siket da ba shi da gaba ba shi da baya. A watan biyar ta kira ni ɗakinta, ta buɗe akwati, ta fito da turmin atamfa shuɗiya mai zanen ƙananan tsuntsaye. Ko takardar jikinta ba a ɓare ba. Caleb ne ya saya mata a watan da ya fara aiki, ita kuma ta kasa kai ta wurin tela.

"Da wannan zan yi wa 'yarsa riga," in ji ta.

Na ce, "Malama, don girman Allah ki bari sai kin iya. Ki je kasuwar Kwari ki sayo wata, ki yanka ta yadda kika ga dama. Wannan in ta lalace ba a sake ta."

"Yadi shida ne. Rigar yarinya yadi biyu ce. Na ninka uku."

Ka ji fa. Ta riga ta raba, har da na ɓarna.

Yadi biyun farko a gida ta yanka, ranar Asabar, ba ta jira Uwani ba. Awon ya fita daidai, ko gashi bai kauce ba. Sai da ta haɗa gaba da baya ta ɗaga rigar muka ga tsuntsayen baya suna tashi sama, na gaba kuwa duk sun kifa kai ƙasa kamar an harbo su. Ta juya yadin ne wajen yanka don kada ta yi asarar gefe. Na ce yarinya ce, ba za ta lura ba. Ta ce ba za ta sa wa jikarta kuskure a ƙirji ta shiga coci da shi ba. Ta ninke ta jefa ƙarƙashin gado.

Yadi biyu na biyu zif ne ya cinye su. Uwani ta yanka mata da kanta, ta nuna mata yadda ake sa zif sau uku, ta ce ta je ta gwada. Ta sa, ya ɗan karkace, ta farke da reza. Ta sake sawa, ta sake farkewa. Sau bakwai, ni na ƙirga, don a kan tabarmarta nake tsince shinkafa. Bayan rigar ya zama huji-huji, a na bakwai rezar ta zarce ta tsarge yadin tun daga wuya har ƙugu. Ranar ba ta yi tsaki ba. Ta zauna da rigar a cinya, ta ce, "Saura biyu." Na so in ce ai na faɗa miki, har maganar ta zo bakina, na dubi fuskarta na fasa. Haushi da tausayi suka kama ni, na tashi na koma gida ban gama tsintar ba.

Daga nan ta yi sanyi. Wata uku ba ta taɓa atamfar ba, ta koma kan zanin gado, ta sa zif ya fi ashirin a kan ƙyallayen da Uwani ke zubarwa. Hannunta ya faɗa, gaskiya. Keken ya daina tsayawa, ta katanga sai ka ji yana tafiya santal. Har ta kalmasa min bakin zane, ban sami abin kushewa ba ko da yake na nema.

A watan sha ɗaya aka shimfiɗa yadi biyun ƙarshe a teburin Uwani. Malama ta buɗe littafin darasinta. Uwani ta duba ta ce, "Malama, awon yaushe ne wannan?"

"Na Disamban bara. Na ƙara inci ɗaya. Na duba jadawalin girman yara, abin da 'yar shekara shida ke ƙarawa ke nan a ƙirji."

"Yara ba sa karanta jadawali, Malama. Ki sa uwarta ta ba direban Jos tsohuwar rigarta a kawo mana, ko ta auna ta ta faɗa miki a waya. Minti biyu ne."

Malama ta rufe littafin. Ta ce awonta ya isa.

A hanya na tasa ta gaba. Na ce matambayi ba ya ɓata, ga waya a jakarki, ki kira Janet. Ta ce in ta kira yanzu Janet za ta san wata goma sha ɗaya ba ta gama riga ɗaya ba. Na ce to ta sani mana, ciwo ne? Ta ce ita ce babba, ƙarami ke neman babba. Na ce girman kai rawanin tsiya. Ta ce wa mai adaidaita ya tsaya, ta sauka a bakin titin gidan Zoo, ta ƙarasa gida a ƙafa. Kwana huɗu ba mu gaisa ba.

Uwani dai ta yi abin da teloli ke yi. Kayan Sallar yara ba a ɗinka su daidai jiki, ana barin rara a ciki, yatsa biyu a kowane gefe, a kalmashe kamar inci uku a ƙasa, don in yaro ya ƙi shiga ranar Sallah da safe a farke a saki. Haka ta yanka mata, ta zana da alli inda allura za ta bi, ta ce, "Wannan da ya rage a ciki, Malama, ki bar shi. Ba ƙazanta ba ce." Malama ta ce ta ji.

Sati biyu ta yi tana ɗinkin, a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ranar da ta gama ta aiko a kira ni. Rigar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tsuntsaye duk suna kallon sama, zif ya kwanta, ga tattara a ƙugu, ga ɗan wuya zagayayye. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta rataye ta a bayan ƙofa cikin leda, kullum sai ta sauke ta duba.

Ranar jajiberin Kirsimeti da la'asar ina tsaye a ƙofar gida adaidaita ta tsaya. Janet ta fito da jaka. Sai ga wata doguwar yarinya ta biyo ta, ƙafafu zara-zara, haƙoran gaba biyu sun fita. Sai da ta ce "Ina wuni, Hajiya" na gane Joy ce. Tsawon ubanta ta ɗauko gaba ɗaya, a shekara guda. Na bi su ciki ba a gayyace ni ba.

Ko ruwa yarinyar ba ta sha ba ta ce, "Kaka, ina rigata?" Malama ta sauko da ita. Na ga ta dubi rigar, ta dubi yarinyar, ta sake duban rigar. Ta san lissafi, ta riga ta ga amsar. Amma ta zuge zif ɗin ta ce ta ɗaga hannu. Kai ya shiga. Hannu ɗaya ya shiga da ƙyar. Ɗayan ya maƙale a gwiwar hannu, yarinya na ciki tana cewa ba ta gani. Malama ta ja ƙasan rigar, sai muka ji ɓarrr, hammata ta buɗe.

"Ba komai," na ce da sauri. "A cire a saki rarar. Ba ni reza, yanzu za a gyara."

Na karɓi rigar na juya cikinta. Babu rara. Gefe da gefe an bi da almakashi an datse har bakin ɗinki, an daje shi tsaf, ƙasan ma an rage shi saura ɗan siriri. Ciki ya yi kyau kamar waje.

"Malama, ina abin da Uwani ta bar miki?"

"Ya yi tudu a ciki," in ji ta a hankali. "Na ga kamar aikin ganganci."

Wallahi da ba don baƙi ba da na yi mata ihu. Joy ta tsaya da singileti, ta dubi fuskokinmu, ta fashe da kuka. "Kaka, ni ce na yi ƙato? Ki yi haƙuri." Malama ta durƙusa ta rungume ta tana cewa ba ita ba ce, ba ita ba ce.

Janet ta ɗauki rigar daga hannuna. Ta shafa tsuntsayen da yatsa, ta daɗe tana kallo. "Mama, wannan ai atamfar da ya saya miki ce. Tare muka je Kwari, ni na zaɓa. Na ɗauka ba ta yi miki ba ne, da ban taɓa ganin ta a jikinki ba." Can Janet ta buɗe jakarta ta fito da wata jar riga ta kanti, sabuwa, da takardarta a wuya. Tun daga Jos ta taho da ita.

Malama ta karɓa, ta gyara gilashi, ta karanta takardar. "Ta 'yar shekara tara ce."

"Tun watan shida take sa na 'yan tara, Mama."

Malama da kanta ta goge jar rigar da safe. Na hango su ta taga sun fito za su coci, yarinyar na tsalle a gaba, Malama a baya cikin kayan zumuntar matan coci, tana tafiya kamar wadda aka zare wa laka. Shinkafar da ta aiko min ranar ba gishiri.

Ranar komawarsu na raka su tashar Unguwa Uku. Mota ta kusa cika, Joy ta riga ta shige ta kama wajen taga. Malama ta buɗe jaka ta fito da tef ɗin awonta, a nannaɗe, ta miƙa wa Janet.

"Ki riƙa auna min ita duk wata. Sai ki kira ki faɗa min."

Janet ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna. "Zan auna ta, Mama. Amma ke za ki kira. Lambata ba ta canza ba tun ranar da muka binne shi."

Ta shiga mota. Muka tsaya har ta fita daga tashar. Sannan muka hau adaidaita muka koma gida.

Janairu ya zo ya kusa ƙarewa, ban ji motsin keke ba. Uwani ta aiko tana tambaya ko Malama ba ta da lafiya. Ranar talatin ga wata, bayan azahar, na shiga. Na same ta zaune a gaban keken, ta sayo sabon yadi huɗu ta ninke a gefe, littafin darasi a buɗe a sabon shafi, ta ja layi ta rubuta kafaɗa, ƙirji, tsawo, gaban kowanne babu komai. Wayarta na kan teburin keken, sunan Janet a fuskar, ta yi duhu ta taɓa ta, ta sake yin duhu ta sake taɓawa.

"Tun yaushe kike nan?"

"Ina tunanin ko tana wurin aiki ne. Gara gobe."

Na ɗauki wayar na danna kira, na manna mata a kunne, na kamo hannunta na ɗora a kai. Ta zaro min ido. Ƙara biyu aka ɗauka, har daga inda nake na ji muryar Janet tana cewa, "Mama? Lafiya?"

Malama ta jawo littafin gabanta, ta ɗauki biro. Na sa takalmina na ja mata ƙofa.